Randar Yohanna da ruwan baƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zuba ruwa a randar Yohanna ba. Lokacin Abuja ake kiran garin nan namu na Suleja, an kuma fara maganar gina sabon birnin tarayya, kowa na neman rumfar ajiye siminti.

Yohanna abokina ne, mai zane da ginin tukwane. Ya samu aron tsohon gidan injin shinkafa a hanyar Maje. Muka kwashe ɓuntu, muka kori jemagu, muka shafe bango da farar ƙasa. Ya rataye zanensa, ya jera tukwane a kan gindin injin. Sai dai ginin na hukuma ne, wani ɗan kwangila kuma yana nemansa. Kansila ya ce zai zo ya gani da idonsa kafin ya yanke wanda za a bar wa.

Ni na naɗa kaina sarkin tarbar baƙi (babu wanda ya roƙe ni). Ranar, Yohanna ya fita taryo su Kansila, na duba na ga ba ruwan sha. Haba! Babban mutum ya shigo ba a ba shi ruwa ba? Ga wata randa a tsakiyar ɗaki, ja-wur, tana ƙyalli. Na cika ta da bokiti, na ɗora moɗa, har ina yaba wa kaina.

Ashe ɗanya ce, ba a gasa ta ba. Jar ƙasa Yohanna ya shafa mata, ya goge da dutse.

Kansila ya shigo cikin farar babbar riga. Yohanna ya kai shi gaban randar yana cewa, "Ranka ya daɗe, wannan zanen jikinta na mahaifiyata ne, kafin ta rasu ta koya min." Ni kuwa na sha gabansa, na tsuguna, na ce, "Ranka ya daɗe, a fara da ruwa."

Ina tsoma moɗa, gindin randar ya zauna. Ɓul! Taɓo tun daga gwiwar Kansila har takalmi. Na tsaya riƙe da moɗa, wallahi har da ɗan ruwa a ciki, kuma don tsabar ruɗewa na miƙa masa.

Ya dubi rigarsa, ya dubi Yohanna. "Me ya hana ka gasa ta?"

"Ba ni da wurin gashi, ranka ya daɗe. Filin bayan nan na so in roƙa."

Kansila ya ce, "Na ba ka ginin da filin. Amma wannan," ya nuna ni, "a riƙa barinsa a bakin ƙofa."

Mutane suka yi ta dariya. Yohanna bai yi ba. Ya tsuguna yana laluben zanen uwarsa a cikin taɓo, abin da har yau yake sosa min rai.

Tun daga ranar, ko a gidana na ga randa, sai na ƙwanƙwasa na ji ta amsa. Yohanna kuwa, duk sanda na je wurinsa, shi yake kawo min ruwa da kansa.