Yadda Za Ka Yi Gudu a Ɓoye Coci Tana Yabon Haƙurinka

Ɗan'uwa mai gudu, ka ji ciwo a ƙafa, likita ta ce ka zauna, ikilisiya kuma ta duƙufa tana roƙa maka haƙuri? Kwantar da hankalinka. Matakan nan za su sa a san ka da haƙuri ba tare da ka yi shi ba, tabbas. A wurin mijin yayata na koye su, dattijo a cocinmu, wanda 'yan gudun asuba suke kira Barewa. Agararsa, jijiyar nan ta bayan dunduniya, ta tsage ana saura sati takwas bikin 'yarsa tilo. Abu ɗaya yarinyar ta roƙe shi, ya taka da ƙafafunsa biyu ya kai ta gaban bagade. Likitar gashin ƙashi, wadda take cikin mawaƙan cocin, ta ce zai yiwu in ya zauna sati shida cur.

1. Karɓi hukuncin da fuskar mutumin Allah

Kada ka yi gardama. Sunkuyar da kai, ka ce nufin Ubangiji ne. Barewa ya yi haka har likitar ta ji nauyin ja masa kunne. Sai da ya kai bakin ƙofa ya ɓata rawarsa da tsalle, ya juyo ya tambaya ko sassarfa ma gudu ce. Kai kada ka tambaya, abin da ba ka tambaya ba ba a hana ka ba.

2. Zauna a bencin gaba

Miƙe ƙafar mai ƙaton takalmin asibiti a hanya, yadda duk mai wucewa sai ya tsallake ta ya yi maka sannu. Cikin sati biyu zumuntar mata ta zo gidan Barewa sau uku, Fasto kuma ya kafa misali da shi a wa'azi. Duk wanda ya tambayi jiki, ka ce masa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ba wanda zai leƙa ya ga ko ka ɗora tukunyar.

3. Karanta Maganar Allah da jan biro

Duk ayar da ta ambaci gudu ko tsere, ja mata layi. Waɗanda suke zancen jira kuwa, don wasu aka rubuta su. Yayata ta yi murna ƙwarai da ta ga mijinta ya rungumi karatu, ba ta san hujja yake nema ba. A sati na uku ya gano cewa sati shida ƙidayar likita ce, bangaskiya tana raba ta biyu.

4. Ƙirƙiro addu'ar asuba

Gaya wa matarka nauyin addu'a ya sauko maka. Ɓoye takalmin gudu a bayan mota, ƙarƙashin tayar ko-ta-kwana. Kuma ka yi addu'ar don kada ya zama ƙarya. Ta Barewa gajeriya ce: Ubangiji, kada in haɗu da kowa.

Zan yi masa adalci a nan. Tun da ya bar aiki, a kan titi ne kaɗai ba ya jin ya tsufa. Zaman nan tsoro yake ba shi, yana ganin in ya zauna ba zai ƙara tashi ba. Da ya ji iska a fuskarsa safiyar farko, daɗi ya kama shi har ya manta yana da 'ya.

5. Cire agogon hannu mai ƙirga gudu

Na san ba za ka cire ba. A wurin ɗan gudu, gudun da agogo bai rubuta ba ba a yi shi ba. Na Barewa kuwa da kansa yake aika rahoto zuwa guruf ɗin 'yan gudu a waya, har da taswirar hanya, kuma likitar tana ciki. Kwana biyu tana kallo. A na uku ta rubuta: "Allah ya amsa addu'a, Baba. Ta yau kilomita biyar ce. Ka zo in gan ka."

Mai hankali zai tsaya nan. Shi kuwa ya ce bari ya yi na bankwana. A gangaren bayan makaranta jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, wani mai sharar titi ne ya goyo shi zuwa mota.

6. In asiri ya tonu, ɗora wa Shaiɗan

Ya gwada. Yayata ta ce ya ƙyale Shaiɗan ya huta, don Shaiɗan dai ba ta taɓa wanke masa safar gudu ba. Likita ta ce tiyata, sannan wata uku kafin ya taka sosai.

Sai 'yar ta shigo. Ta gyara masa matashi a ƙarƙashin ƙafar, ta ajiye masa ruwa, ta fita. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, ya ce mata ƙanensa zai raka ta ranar bikin. Ta ce ba ƙanensa ta roƙa ba.

7. Ranar biki, bi a hankali

Ya iso bakin coci da sanduna biyu. Amarya ta karɓe ɗaya ta miƙa wa mai tsaron ƙofa, ta ɗora hannunsa a kafaɗarta, a kan farar rigar.

"Baba, kai ka koya mini tafiya," in ji ta. "Yau ka bi takuna. Ba wanda zai riga mu isa."

Taku arba'in ne zuwa bagade. Mawaƙa suka maimaita waƙar shigowa sau uku, likitar tana jan baitin tana harararsa. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ranar Barewan ne ya yi rarrafen. Suna tsakiyar hanya agogon ya girgiza a hannunsa, yana sanar da shi cewa ya daɗe bai motsa ba. Amarya ta danne dariya. Shi kuwa hawaye ne suka zubo masa, ya bar su, don hannu ɗaya yana kan sanda, ɗayan yana kan 'yarsa.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi da agararsa, ba ruwana. Kada matarsa ta neme ni, kada Fasto ya kira sunana, ni ko bas ba na bi da gudu. Amma na yi alkawarin sakamako, kuma ga shi: har yau coci tana kiran Barewa mai haƙuri. Yanzu ne dai ya fara yi, a bencin baya, agogon yana cikin jakar yayata.