Jikan Sarkin Ruwa a Cikin Siket

Ba zan taɓa mantawa ba da Alhamis ɗin da bakina ya jefa ni cikin ambaliya, ni da tun da aka haife ni a unguwar Sa'alaba ta Jidda ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Teku na gefen garinmu, amma tsakanina da shi sai gaisuwa daga nesa.

A farkon shekarun saba'in ne. Na iya tuƙi, amma ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. A Jidda aka haife ni, duk da haka in na hango askari, wato ɗan sanda, sai na sake layi. Usman, wani Bahaushen Sudan da muke unguwa ɗaya, shi ya kai ni kamfanin da yake direba. Ma'aikatan wurin, Turawa da Labanawa, suna da kulob na yawon daji da wasan ruwa, kuma suna neman wanda zai ja motar jiragensu ya kula da rumfarsu a bakin teku a Abhur. Gwaji ne na wata uku. In ka ci, kamfanin ya zama kafilinka, mai tsaya maka, a yi maka takarda. In ka faɗi, ka koma wasan ɓuya da askari.

Shugaban kulob ɗin wani injiniya ne, Mista Kolin, wanda ya taɓa aiki a Kainji har ya tsinci Hausa. Ya tambaye ni, "Kai mutumin ina ne?" Na ce Yauri. Rabin gaskiya ce, domin Baba ne ɗan Yauri, ya zo hajji da ƙafa ya zauna. Nan take fuskar Baturen ta washe, ya ce duk yawonsa bai ga masu jirgi irin na Yauri ba. Da na yi shiru a nan da an rabu lafiya. Ina! Sai na ji bakina yana cewa kakana Sarkin Ruwa ne, ni kuwa a cikin jirgi aka yanke mini cibiya (a ɗakin katako aka yanke ta, kuma ungozomar tana nan da ranta a lokacin, gida uku tsakaninmu).

Jiragen nasu ƙanana ne, na mutum ɗaya, suna ce musu kayak. Wata biyu ina wanke su, ina ɗaurawa a mota, ina saukewa, ban taɓa shiga ko ɗaya ba. Yau mura, gobe ciwon kunne. Da uzurina ya ƙare sai na ƙirƙiro babba: na ce mu 'yan kogi ba ma shiga ruwan gishiri, sai ruwan daɗi. Na yi ta yaba wa kaina wannan dabara, don na san babu kogi a ƙasar nan.

Sai aka tafka ruwan sama a kan duwatsu. Ranar Laraba Mista Kolin ya same ni yana murna. "Ɗan Yauri, an samu ruwan daɗi. Wani wadi a kudu, busasshen rafi, ya cika yana gudu. Gobe za ka nuna mana."

Bayan la'asar na durƙusa gaban Baba na kwance masa komai.

"Sarkin Ruwa? Kakanka masunci ne, jirgin ma na aro."

"Baba, takardata ce za ta tafi."

Ya yi tsaki, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ce ita ce jirgin. Ya karɓo taɓarya, ya ce ita ce filafili. Haka na zauna ina tuƙa tabarma, ƙannena mata suna leƙe suna ƙyalƙyala. Da ya ga hannuna ba zai gyaru a yini ɗaya ba, sai ya ce in ajiye in saurara. In na isa bakin ruwa in yi masa sallama. In jefa kara in ga inda ya bi, in sake, in sake. Inda ruwa ya kwanta sumul tsakanin duwatsu biyu, nan ce ƙofa, ko da ta fi ƙunci. Kada in sa wando, yana shan ruwa ya yi nauyi, in ɗaura fuɗa, zanen nan da maza ke ɗaurawa a gida. In kuma na wuce mugun wuri, a Yauri mai jirgi miƙewa yake tsaye ya ɗaga filafili, don na bakin gaɓa su san yana da rai. Ni da shi babu wanda ya tuna cewa jirgin Yauri yana ɗaukar saniya, nawa kuwa da ƙyar yake ɗaukar ƙuguna.

Washegari muka yi tafiyar awa uku. Tun kafin mu ga wadin muka ji rurinsa. Ruwan ja ne kamar shayi da madara, yana dukan duwatsu yana fitar da farin kumfa. Na cire wando na bar shi a mota, na ɗaura fuɗa yadda Baba ya ce. Mista Kolin ya ba ni rigar da ke hana mutum nutsewa, na sa da sauri. Sannan ya miƙo mini wani abu na roba da ake sawa a ƙugu, a maƙala bakinsa a bakin jirgin don kada ruwa ya shiga. Na ɗaga shi na juya. Siket ne, ba wani suna.

Usman yana jingine da mota ya ce, "Mabruk, amarya. In kawo lalle?"

Ai kuwa sai na mayar wa Baturen abinsa, na ce a Yauri namiji ba ya sa wannan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Halas," wato shi ke nan.

Mutum uku suka riga ni. Duk suka bi dama, inda ruwan ya fi faɗi, biyu suka kife aka jawo su da igiya, na ukun ya fita yana tari. Da layi ya zo kaina na tsuguna a bakin ruwa na ce assalamu alaikum, a hankali don kada Usman ya ji. Na jefa kara. Gaskiya jan lokaci nake, ko Allah zai sa ruwan ya ƙafe. Amma karan ya ƙi dama, ya bi hagu, ta wani ɗan tsukin wuri a gindin dutse, ya fita lafiya. Na biyu haka, na uku haka. Na duba da kyau, sai ga shi yadda Baba ya faɗa: ruwan ya kwanta sumul tsakanin duwatsu biyu.

"Yalla, ɗan Yauri," in ji Mista Kolin, ya tura ni.

Na yi ta dukan ruwa da filafili har hancin jirgin ya kalli hagu, daga nan ban ƙara taɓuka komai ba. Ruwa ya ɗauke ni. Jirgin ya juya ina tafiya da baya. Igiyar ruwa ta farko ta zubo mini a cinya, ta biyu ta cika jirgin rabi, nan na gane amfanin siket. Na karanta duk abin da na haddace tun daga makarantar allo, har da addu'ar cin abinci. Dutse ya wuce ta dama, wani ta hagu, na runtse ido. Da na buɗe sai na gan ni a faffaɗan wuri mai kwanciyar ruwa, a zaune, kaina a sama. Ni kaɗai na wuce ban sha ruwa ba.

Gaɓa ta kaure da tafi da fito. Matan Turawan da suka zo da kwandunan abinci suka miƙe, ɗaya tana saita kyamara. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, har na fara yarda kakana Sarkin Ruwa ne. Sai na tuna umarnin Baba na ƙarshe. Na dafa, na miƙe tsaye, na ɗaga filafili sama.

Ban kai ga kammala murmushin ba jirgin ya zame ya bar ni. Rigar ta taso da ni, ƙafata ta taɓa ƙasa, ruwa iya ƙirji. Sai na ji wani sanyi inda bai kamata ba. Na laluba. Babu fuɗa. Can na hango ta tana bin ruwa ta nufi teku, ba ta ko waiwayo ba.

Aka yi ta kirana in fito a ɗauki hoto. Na ce ina nazarin ruwan tukuna. Na yi nazari har haƙorana suka fara kaɗawa. Usman ne ya hango fuɗar, ya nuna ta da yatsa, ya zauna a ƙasa don dariya. Kayana suna mota, motar tana can sama da nisa. Mista Kolin ya duba hagu ya duba dama, abu ɗaya ne a hannunsa, shi ya jefo mini. Haka jikan Sarkin Ruwa ya fito a gaban jama'a cikin siket ɗin roba, hannu ɗaya na jan gaba, ɗaya na jan baya, ana tafa masa.

A bayan mota, da na sa wando, na faɗa wa Baturen gaskiya duka, har da ungozomar. Na riga na sallama takardar. Ya ce, "Na sani tun ranar farko. Ɗan Yauri ba ya riƙe filafili kamar tsintsiya. Amma karan nan, wa ya koya maka?" Na ce babana. Ya ce aikin nawa ne, bisa sharaɗi biyu: in koyi iyo, in kuma kawo masa tsohon.

Mako biyu bayan nan na kai Baba Abhur. Shekara talatin rabonsa da jirgi. Ya yi wa teku sallama, aka nemo masa kwale-kwalen masunta, ya tsaya a bayansa ya tuƙa, kulob ɗin duka suka tsaya suna kallo. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ya ce gishiri ne. Na yi alfahari da shi a ranar fiye da yadda na yi da iƙamata da ta fito bayan wata guda.

Na shekara tara a aikin nan, na iya iyo, na bi wadi ya fi a ƙirga. Usman bai daina ce mini amarya ba har ya koma Sudan. Ni kuwa tun daga ranar, in aka miƙo mini abu ina tambayar amfaninsa kafin in tambayi na maza ne ko na mata. Kuma duk wanda ya ce mini mutumin ina ne, Sa'alaba nake cewa, in ja bakina in yi shiru.