Ranar Da Na Kai Ƙarar Sakataren Gwamnati

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar mutum, ƙarar ta faɗa hannunsa a gabana ba. Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, kuɗi na yawo, ko'ina a Abuja gini ake yi. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin da jiharmu ta buɗe a nan, ina hayar ɗaki ɗaya a Dutse Alhaji, mahaifina yana can gida kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Abu ɗaya nake nema, a mayar da ni gida in yi jinyarsa.

Na rubuta takardar neman canjin wurin aiki, ta tafi ofishin Sakataren Gwamnatin Jiha, domin a ƙarƙashinsa muke. Wata bakwai shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Malam Iro, tsohon akawunmu, ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Takardun majalisar zartarwa, na naɗin muƙamai, umarnin da ake aika wa ma'aikatu, duk ta teburin mutumin nan suke bi. Taka tana layi."

Na ce a raina tsoho ya cika tsoro. (Ni fa mai digiri ne, kuma a lokacin ina ji da kaina.) Na zauna na rattaba wa Gwamna shafi uku. Na ce ofishin Sakatare maƙabartar fayiloli ne, mai ofishin kuma bai san zafin talaka ba. Mutumin da ko fuskarsa ban taɓa gani ba fa!

Da Gwamna ya zo taro Abuja, aka tura mu masaukinsa. Falo cike da manya. Yana fitowa na kutsa, na durƙusa, na miƙa ambulan.

"Ranka ya daɗe, kuka na kawo."

Ya karɓa da murmushi. Ko buɗewa bai yi ba, ya miƙa ta bayan kafaɗarsa ga wani siririn dattijo mai farin kaftani mara aiki, wanda na ɗauka mai riƙe jaka ne. Ya ce, "Sakatare, a duba." Ya wuce mota.

Innalillahi! An gudu ba a tsira ba. Dattijon ya sa tabarau ya karanta a tsaye, bai tsallake layi ɗaya ba. Ina nan durƙushe, na rasa tashi zan yi ko zama. Oganmu yana gefe yana hararata kamar ya cinye ni ɗanye.

"Kai ka rubuta?" in ji Sakatare.

"Ranka ya daɗe, sharrin shaiɗan ne." (Abin da ya zo bakin mai digiri ke nan.)

"Allah ya ba mahaifinka lafiya. Ta hannun shugaban ofishinka ta biyo?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ka ga ko ni ban isa in yi aiki da ita ba. Abin da aka ajiye ni in tsare ke nan, kowace takarda ta bi hanyarta." Ya miƙa wa oga, ya ce a saka min a fayil.

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Bayan sati aka ba ni takardar tuhuma. Aka ciro fayil ɗina daga layi don a liƙa amsata, ya koma can ƙasa. Daga baya na ji saura mutum biyu a gabana ranar da na yi wannan bajinta.

Canjin ya fito bayan wata goma sha ɗaya. Na koma gida an riga an yi sadakar arba'in ɗin Baba. Har yau in na tuna, kunya ce take fara zuwa, sannan baƙin ciki ya biyo, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi sai ni.

Tun daga ranar, kafin in miƙa wa babban mutum takarda, sai na fara tambayar wane ne wancan mai shirun da ke tsaye a bayansa.