Tsakiyar Jatau a Kwatano

Wani mutum ne a Maigatari, ana ce masa Jatau. Bakinsa ya fi shi girma. In ka ce ka taɓa ganin kura, shi ya taɓa yi mata aski. Sana'arsa haɗa sarƙar tsakiya, wato duwatsun wuya, amma ba irin ta kowa ba. Garin rogo yake kwaɓawa da kalar alawa, ya mulmula, ya huda da tsinke, ya shafe da ƙaro don sheƙi, ya shanya a kan rufin kwano. Ranar Maigatari kuwa ba ta wasa. Kwana uku sun bushe ƙayau, in ka jefa ɗaya a daro ka ji ƙwal, sai ka rantse dutse ne.

Da yake a gida kowa ya san shi, sai ya ɗaure kaya ya nufi Kwatano.

Ya kuwa sha wuya. Duk inda ya shimfiɗa buhu a bakin titi, ma'aikatan kasuwa su fatattake shi. Kullum cikin gudu yake, sarƙoƙi na kacau-kacau a wuya. Mafita ɗaya ce: ya samu ɗan gefe a rumfar Hajiya Uwale mai tuwo, a Zango. Ba a korar kowa a rumfarta, don ma'aikatan ma can suke cin na rana.

Jatau ya zaɓi babbar sarƙa mai layi uku, ya je ya durƙusa.

"Hajiya, tsaraba ce. Daga ƙarƙashin dutse aka tono su, ni na fasa dutsen da hannuna."

"Da hannunka, ɗan nan?"

"Na hagu ma. Wuta ba ta cin su, guduma ba ta fasa su."

"Ruwa fa? Ka san garin nan."

"Ruwa? Hajiya, ai tsoron su yake."

Gaskiya bai taɓa gwadawa ba. Ya dai lura tun zuwansa tsakiyoyin suna ɗan danƙo a hannu, ya ce gajiyar hanya ce.

Hajiya ta ce Asabar za ta suna. In mata suka yaba, gefen rumfa nasa ne.

Ran Asabar ta ci ado, ta rataya sarƙa, ta haye acaɓa. Jatau bai jira hukunci ba. Ya baje kaya a rumfa, yana ba masu cin tuwo labarin yadda matan gwamnoni ke layi a ƙofar gidansa. Yana cikin haka sama ta yi baƙi. Ruwa ya tsuge shaaa, irin na bakin teku, kamar da bakin ƙwarya. Jatau ya saci kallon ruwan, amma bakinsa bai tsaya ba.

Ruwa na ɗaukewa sai ga Hajiya a ƙasa, ɗan acaɓan ya sauke ta, wai awaki sun hana shi tuƙi. Layi ukun nan sun kumbura sun haɗe, sun zama gammo guda a wuyanta, ja da kore na zuba a kan farin leshi. Kaji bakwai na biye da ita. Wani bunsuru ya riga ya cinye ta baya.

Masu cin tuwo suka zuba mata ido. Jatau ya yi ta maza.

"Barka, Hajiya. Ai haka suke girma in sun samu mai jini mai kyau."

Hajiya ta kai hannu wuya. Ta gutsuro kaɗan, ta murza, ta shinshina, ta ɗanɗana.

"Shekara talatin ina tuƙa rogo," in ji ta. "Wannan ko tankaɗe ba a yi masa ba."

"Wato, shi dutsen, a gonar rogo yake..."

"Zauna."

Ya zauna. Ta kankare abin wuyan tas cikin kwano, ta kwarara masa miyar kuɓewa ludayi biyu, ta dangwarar a gabansa. Masu cin tuwo suka gyara zama, har da ma'aikatan da ke korar sa.

Jatau ya kai loma ta farko, idonsa ya kawo ruwa. A ta biyu zare ya maƙale masa a haƙori, yana ja yana fitowa, yana ja yana fitowa. Ya ɗago a marairaice.

"Hajiya, na ƙoshi."

Ta sunkuya ta tattare kayan da ya baje, ta saɓa buhun a kafaɗa.

"Ci da sauri, ɗan nan. Yanzu zan ɗora ruwan sauran."