Gadar da Aka Gina wa Jakin Nasidi

Ranar Talatar nan wuyana ya ga ta kansa. Ni da maƙwabcina Nasidi muka wuni muna tsallakar da buhunan albasa a ka, ta kan sabuwar gadar da aka yi mana a hanyar ruwan Bakolori. Jakinsa kuwa ya wuce wayam, yana kaɗa kunne kamar shi ya ɗauke mu ƙwadago. Haka allon bakin gadar ya umarta: jaki ɗaya, ban da kaya.

Albasar nan ita ce duk noman ranin Nasidi. In ba ta riski motocin 'yan kudu a kasuwar Mafara ba, sai ta ruɓe masa a rumfa, shi ya sa ban iya ce masa a'a ba.

Da takaici ya ishe ni, na tare Injiniya Mas'udu a wurin mai shayi, don shi ya yi lissafin gadar. Bayan mun gama gaisuwa har da tambayar awaki, ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini wani jadawali mai gida-gida kamar dara. A nan ake lissafin bim, wato ƙashin bayan gada na rodi da kankare. Ka zuba tsawonsa, da yawan rodi, da nauyin abin da zai bi ta kai. In zai ɗauka ba tare da ya lanƙwashe fiye da kima ba, gidan ƙarshe ya yi kore. In ba haka ba, ya yi ja.

Ya ce da farko kore shar ya fito, har motar albasa za ta iya wucewa. Sai Ranka Ya Daɗe Mai Rabon Kwangila ya ga rodin ya yi yawa, alhali ana ginin wani gida a birni. Aka rage rodi, gida ya yi ja. Ranka Ya Daɗe kuwa ba ya son ja.

"To mi kay yi?" na tambaye shi.

"Cewa yay yi in rage nauyi. Nic cire mota, ja. Nic cire amalanke, ja. Sai da nis sauke ma jaki kaya kana gidan yay yi kore."

Ka ji basira. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu da muka yi zaton gada ake ƙarfafawa ta ɗauki kaya, ashe kaya ake ragewa su dace da gada.

Yanzu na gane abin da ya sa ranar buɗewa Ranka Ya Daɗe ya yanke ƙyallen daga bakin gaɓa, bai ɗora ko babban yatsa a kai ba. Allah ya hore masa jiki, kuma ya san abin da jadawalin ya ce.

Ranar Talatar kuwa, mun isa kasuwa motoci sun ɗaga, aka yi wa albasar tayin wulaƙanci. Ran Nasidi ya ɓaci ƙwarai, ya rantse sai ya sayar da jakin, tunda aikinsa ya dawo wuyanmu. Na ba shi haƙuri, na ce ya bar dabbar nan ta ci darajarta. Daga Bakura har Maradun, jakin nan kaɗai na sani da aka yi wa gada daidai da shi.