Yadda Za Ka Sayi Mota Mai Jan Taya Huɗu Ko Da Ba Ka Da Dajin Shiga

Kai da ka rasa tudun dafawa tsakanin "in saya" da "kada in saya", kwantar da hankalinka. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari za ka mallaki fowil, wato motar da duka tayoyinta huɗu ke ja, ko da kuwa daga ƙofar gidanka har wurin aikinka kwalta ce sumul. Gwadaddiyar hanya ce. Maƙwabcina Mai Kemis ya bi ta, da shi zan riƙa yi maka misali.

Mataki na 1: Nemo wanda zai ƙona maka rai

Ba a sayen fowil da sanyin zuciya. Mai Kemis yana zaman lafiya da 'yar ƙaramar motarsa, sai ga yayan matarsa ya kawo ziyara da wata zungureriyar mota, ya haye gefen titi da ita ya faka. Ya leƙa 'yar motar ya ce, "A'a, har yanzu tana tashi? Gaskiya ka iya riƙon amana." Mai Kemis ya taya kowa dariya, amma ranar ya kwana yana lissafin kuɗin babbar mota. In ba ka da irin wannan surukin, ari na wani.

Mataki na 2: Ƙirƙiro hatsari

Dubi hanyarka da idon mai neman fitina. Tsakanin gidan Mai Kemis da shagonsa babu komai sai tudun rage gudu da wani ɗan rami da ruwa ke kwanciya in an yi wankin mota. Ya sa wa ramin suna "kwazazzabo". Lura: mai hangen nesa ba ya jiran buƙata ta zo, shi ke zuwa har gida ya ɗauko ta.

Mataki na 3: Nemi shawarar wanda zai ci riba

Kada ka kuskura ka tambayi bakanikenka. Zai ɓata maka rai da zancen shan mai da tsadar taya. Tafi wurin dillali. Na Mai Kemis ya bubbuga bonet ya ce, "Yallaɓai, wannan ko bango ka nuna mata hawa za ta yi."

"Wannan maɓallin na kusa da giya fa?"

"Na gaggawa ne, yallaɓai. Sai abu ya yi tsanani ake taɓa shi."

Nan take Mai Kemis ya ji ya zama wani mutum daban.

Mataki na 4: Tunkari mai ɗakinka

Nan ake yin ta. Matar Mai Kemis ma'aikaciyar jinya ce, ta saba da mutanen da ke rantsuwa sun sha magani alhali ba su sha ba.

"Baban yara, wane dajin za mu shiga?"

"Ba a sani ba, Maman yara. Ai shi ya sa."

"Ajiyar nan da kake son ɗauka fa ta gyaran rufin ɗakin yara ce. Yoyo yake yi."

"To in ruwa ya ci gidan, da me za mu tsere?"

Ta kalle shi ta ce, "To." In mace ta ce maka "to" a irin wannan gaɓa, ɗauka ta amince. Kada ka tsananta bincike.

Mataki na 5: Nuna wa duniya

Ya sayar da ƙaramar, ya haɗa da ajiyar, ya sayo. Ya yi ta addu'ar samun laka, shiru. Sai wata safiya bayan ruwa mai ƙarfi, ya ɗauko matarsa zai kai ta asibiti ta karɓi aiki, suka tarar da cunkoso. A gefe ga wani fili da ake shirin gini, ya jiƙe sharkaf.

"Riƙe da kyau," in ji shi.

"Baban yara, don Allah bi layi."

Ya karya sitiyari ya faɗa. Da suka kai tsakiyar fili, motar ta tsaya cak. Ya taka totur, tayoyin huɗu suka shiga haƙa rami a tare, cikin cikakken haɗin kai. Ganin abu ya yi tsanani, ya danna maɓallin gaggawa. Kujerarsa ta fara ɗumi, ashe na ɗumama kujera ne.

Mutanen cikin layi suka fito da wayoyi. Maman yara ta buɗe ƙofa. Ta cire takalmanta, ta tattare farin kayanta, ta ratsa lakar har titi, ta tsayar da bas. Shi kuwa sai da rana ta take, masu ginin suka zo da tifa suka fizgo shi.

Mataki na 6: Karɓi sakamako da martaba

Da yamma ta miƙo tafin hannu kawai, shi kuma ya ɗora makulli a kai. Yanzu ita ke tuƙa motar zuwa asibiti, a kan kwalta, a hankali, har da gilashin rana. In abokin ciniki ya tambaye shi ina babbar mota, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Ai dama don Madam na saya." Kai ma haddace wannan jimlar tun yanzu.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da hannu a ladan masu tifa, ko wankin farin kaya, ko shirun da zai sauka a gidanka, ko bidiyonka da zai zaga wayoyin dangi. Duk mai ƙorafi ya same ni da safe a tashar bas. Ina cikin layi, Mai Kemis ne a gabana.