Rasuwar Mai Tari, Injin Jirgin Malam Labbo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗu biyu masu tsami, Malam Labbo mai jirgin fito na mashigin Fagada yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa ƙetare gulbi da buhun albasa a gabansa, rasuwar injin jirginsa wanda kowa ya fi sani da Mai Tari. Ya cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar ruwa, yana ɗauke da mutum goma sha ɗaya da awaki biyu, bayan gajeruwar jinya da za a yi bayaninta nan gaba, ko da yake bayanin ba zai yi wa mai sanarwar daɗi ba.

Marigayin ya iso daga Yawuri shekara goma sha tara da suka wuce, kwance a bayan a-kori-kura, bayan ya yi wa mutum biyu bauta kafin Labbo. Ainihin shekarunsa babu wanda ya sani. Bai kasance mai zaɓen abinci ba. Jarkar fetur ce, sai a tsiyaya mata baƙin mai cikin gwangwanin tumatir ɗaya, a girgiza, shi ke nan. Irinsu haka aka yi su: baƙin man nan shi ke tsare cikinsu daga gugar ƙarfe da ƙarfe. Da safe sai an ja igiyarsa sau uku. Ja na farko ya yi shiru kamar bai ji ba. Na biyu ya ce "tuf, tuf," ya koma barci. A na uku ne zai saki muryar nan, "tufu-tufu-tufu-tufu," wadda matan ƙetare ke ji su fara ɗaure kayansu ba tare da sun leƙo ba.

Ya yi wa jama'a hidima. Ya ɗauki albasar Jiga Birni da shinkafar fadama, ya ɗauki mai naƙuda, ya ɗauki wanda maciji ya sara. Shekarar da ruwa ya ci gonaki ya yi kwana huɗu yana kwashe mutane, bai nemi komai ba sai a goge masa fulogi.

Ba za a ɓoye aibinsa ba don ya mutu. Marigayin mashayi ne. Hayaƙinsa shuɗi ne, mai kauri, yana kwanciya bisa ruwa har bayan jirgi ya kai gaci. Yakan bar maiƙo mai launi-launi a bayansa, masunta suna zagi. Zinatu, uwargidan Labbo, ta shekara goma sha tara tana wanke riguna masu warin fetur, tana kuma sauraron tarin mijinta, har takan ce ita ba ta san wa aka fara kira Mai Tari ba tsakanin su biyun. Labbo ya san duk wannan. Shi ya sa da aka kira masu jirage taro a Jega don maganar rage hayaƙi, ya riga kowa zuwa, ya zauna layin gaba.

A nan ciwon ya samo asali. Baƙi ne suka zo da farar mota, suka kafa wani injin dizal a cikin duro mai ruwa, suka tayar. Hayaƙinsa kaɗan ne, shan mansa kaɗan, Labbo ya dube shi kamar yadda ake duban ɗan maƙwabci mai ladabi. Aka ce za a musanya wa mutane tsofaffin injinansu da irin wannan, za a zo a duba, kuma wanda ya nuna himma wajen rage hayaƙi shi za a fara ba. Aka raba hula da takarda, kowacce an buga mata da manyan baƙaƙe: MAI MAI TSABTA, BA GAURAYE. Labbo ya ɗaga hannu zai tambayi wane gauraye ake nufi. Aka ce tambayoyi sai bayan cin abinci. Ya sauke hannu, ya ci shinkafarsa, ya wanke hannu, ya dawo ya tarar motar ta kama hanyar Maiyama.

Labbo sai da furfura ta fito masa ya koyi karatun boko, kuma tun daga lokacin bai taɓa zaton abin da aka buga a takarda zai faɗi rabin magana ya bar rabi ba. Ya kai takardar wurin Gado makanike, likitan marigayin na tsawon shekaru. Gado ya ce, "Labbo, da masu zuba kananzir cikin fetur suke, ba da kai ba. Wanga inji in ka hana shi baƙin mai, kai ka kashe shi." Labbo ya saurara har ƙarshe kamar yadda ya saba, ya gyaɗa kai, ya yi godiya. Amma Gado da baki ya faɗa, takarda kuwa bugawa aka yi.

Ya fara da rage baƙin man zuwa rabin gwangwani. Hayaƙi ya ragu, har Zinatu ta yaba. Ya koma kwata. Muryar marigayin ta bushe, "tufu-tufu" ta zama "kar-kar-kar," Labbo ya ce sabo ne bai yi ba. Ranar Litinin aka aiko cewa masu dubawa na tafe gobe. Da gari ya waye, a karo na farko cikin shekara goma sha tara, gwangwanin tumatir ya yini a gida.

Shaidu sun tabbatar da cewa marigayin bai taɓa tafiya mai tsabta irin ta wannan safiya ba. Ya kai tsakiyar gulbi ba ɗigon hayaƙi. Daga nan ya ce "ƙiiiƙ," ya ce "kas," bai ƙara cewa komai ba. Ruwa ya ja jirgin har cikin ciyawa, fasinja suna tuƙi da takalma da murfin kwano. Abin da Hajiya Mardiyya mai albasa ta faɗa a wurin ba ya shiga sanarwar rasuwa. Masu dubawa kuwa ba su zo ranar ba, ba su zo washegari ba.

Gado ya buɗe gawar ya ce inji ya buga, fistan, ƙarfen nan mai kai-komo a cikinsa, ya manne, babu gyara. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya ɗora fistan ɗin a tafin hannun Labbo, ya tafi alwala, abin da ya fi zagi ciwo.

Kwana takwas da rasuwar sai ga wasiƙa. Sunan Labbo ne na uku a jerin masu samun injin dizal. A ƙasa akwai sharaɗi guda: a zo da tsohon inji yana aiki, a tayar da shi gaban kwamiti. Wannan karon Labbo ya kai wa mutum uku sun karanta masa. Babu rabin magana a ciki.

Marigayin ya bar jirgi ɗaya na katako, wanda yanzu ke takaba a bakin mashigi. Ya bar igiya mai ƙulli uku, da farfela mai gatse, da jarka, da gwangwanin tumatir wanda ba shi da laifin komai. Ya bar hula. Ya kuma bar dattijo mai shekara sittin da biyu yana tura jirgi da gora, yana kallon fasinjansa suna gaishe shi da ladabi, suna wucewa jirgin abokin sana'arsa Muhsin.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis da hantsi a amalanken Mas'ud, zuwa filin da kwamiti zai zauna a Jega. A can Labbo zai ja igiya sau uku kamar kowace safiya, ba don yana sa rai ba, sai don hakki ne. Bayan haka zai sa hular da suka raba a taro, ya ɗaga hannu, kuma ko an kawo abinci ba zai sauke ba sai an gaya masa a wane layi na jerinsu ake rubuta injin da ya bar hayaƙi gaba ɗaya saboda biyayya ga takardarsu. In ba a samu layin ba, za a wuce da marigayin wurin 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe na bayan tasha, inda za a yi masa sutura a kan sikeli.

Ana karɓar gaisuwa kullum a bakin mashigi. Masu zuwa daga ƙetare su fito da wuri, kowa ya riƙo filafilinsa na tuƙi, domin jirgin Malam Labbo a yanzu shi ne mafi tsabta a gulbin nan, kuma da gumi yake tafiya.